Dinner Party: yadda aka haɗa fitaccen kashi na shirin The Office

"Dinner Party" kashi ne daga zango na huɗu na The Office, shirin barkwanci na Amurka da tashar NBC ta nuna daga 2005 zuwa 2013. An haska shi ranar 10 ga Afrilu, 2008. Lee Eisenberg da Gene Stupnitsky ne suka rubuta labarin, Paul Feig kuma ya ba da umarni. Masu sharhi kan sa shi a sahun gaba cikin kashi 201 da aka yi, duk da cewa shirin na ma'aikatan ofis ne, wannan kashin kuwa kusan gaba ɗayansa a falon gida aka yi shi.

Tushen shirin

Asalin The Office na Birtaniya ne, Ricky Gervais da Stephen Merchant suka ƙirƙiro wa BBC a 2001. Greg Daniels ne ya mayar da shi na Amurka, ya kafa labarin a reshen kamfanin sayar da takarda mai suna Dunder Mifflin a garin Scranton na jihar Pennsylvania. Ana ɗaukarsa tamkar shirin gaskiya: 'yan wasa sun san da kyamara, sukan kalle ta, babu kuma dariyar da aka naɗa aka ɗora a kai. Idan aka yi abin kunya, shiru ne ke biyo baya, mai kallo ya ji da shi.

Labarin

Manaja Michael Scott, wanda Steve Carell ya fito a matsayinsa, ya daɗe yana gayyatar ma'aikatansa Jim da Pam cin abinci a gidansa suna zillewa. Sai ya ƙirƙiri aikin dare na ƙarya don kowa ya soke abin da ya tsara, daga baya ya ce an fasa, ya ritsa su ba su da uzuri. Abokan aikinsu Andy da Angela ma suka zo. Wani ma'aikacin, Dwight, da ba a gayyata ba, ya faɗo daga baya da matar da ta yi rainonsa yana yaro.

Uwar gidan ita ce Jan, budurwar Michael, wadda a da shugabarsa ce kafin a sallame ta daga aiki. Ta shaida wa baƙi cewa naman sai ya yi awa uku a wuta. A cikin wannan jiran ne asirin gidan ya tonu: Michael a kan ɗan benci yake kwana a ƙarshen gado, Jan ta mamaye ɗaki da sana'ar kyandir da ake so baƙi su zuba wa jari, habaici kuma ya rikiɗe ya zama ihu. Ƙarshenta Jan ta ɗauki kofin karramawa na Michael ta jefi 'yar ƙaramar talabijin ɗinsa ta dala 200, maƙwabta suka kira 'yan sanda.

Ƙarfin labarin yana nan: an bar ofis, amma ba a bar ikon oga ba. Baƙon da ke ƙarƙashin mai gida a wurin aiki ba ya iya miƙewa ya tafi. Jim ya gwada, ya ce ruwa ya malale gidansa, dabarar ba ta ci ba.

Yajin aiki

An gama rubutun kafin ƙungiyar marubutan fim da talabijin ta Amurka ta tsunduma yajin aiki ranar 5 ga Nuwamba, 2007, kan kasonsu daga cinikin faifan DVD da abin da ake nunawa ta intanet. Kashin ne ke kan layin ɗauka a lokacin. Carell, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya ƙi tsallake masu zanga-zanga ya shiga wurin aiki, kuma ba tauraro ba ɗauka. Dama da yawa daga 'yan wasan, irin su Mindy Kaling da B. J. Novak da Paul Lieberstein, marubutan shirin ne. Yajin ya kai kwana 100, aka janye ranar 12 ga Fabrairu, 2008. Zangon da aka tsara wa kashi 30 ya tsaya a 19, masu kallo kuma suka yi kusan wata biyar ba sabon abu. Da wannan kashin na rikicin gidan Michael aka tarbe su.

Bayan fage

Marubutan sun ce wasan kwaikwayon Edward Albee mai suna Who's Afraid of Virginia Woolf? suka hanga, inda ma'aurata ke yagar juna a gaban baƙi. Sun kuma ba da labarin cewa wani jami'in NBC ya kira Daniels yana ƙorafin labarin ya yi duhu da yawa. Daniels ya amsa masa cewa haka ne, bai sauya komai ba.

A gida na gaske aka yi ɗaukar, a yankin Los Angeles, wuri matsattse mai zafi, mutane da fitilu da kyamarori duk a cunkushe. Babbar matsalar kuwa dariya ce. Akwai inda Michael ke nuna wa baƙi talabijin ɗin da ya maƙala a bango da hannunsa, yana alfahari cewa idan falo ya cika ana iya tura ta ta lafe. Ya tura, ta ɗan motsa abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba. John Krasinski, mai fitowa a Jim, ya sha faɗin cewa nan ya kasa riƙe kansa, aka yi ta maimaita ɗauka, kuma hotunan kurakuran da aka fitar daga baya sun tabbatar. Waƙar tsohon mataimakin Jan, wadda ta kunna tana rangaji ita kaɗai, marubutan biyu ne suka tsara baitocinta, mawaƙi Todd Fancey ya rera. Melora Hardin, mai fitowa a Jan, ta cancanci yabo na musamman, domin ita ta riƙe fuska ba wasa yayin da sauran ke neman fashewa.

Karɓuwa

Da farko ra'ayi ya rabu, wasu suka ce kunyar ta fi dariyar yawa. Eisenberg da Stupnitsky sun shiga takarar kyautar Emmy ta rubutun barkwanci a 2008, amma Tina Fey ce ta lashe da shirin 30 Rock. A 2018, da kashin ya cika shekara goma, mujallar Rolling Stone ta tattara bayanan marubuta da darakta da 'yan wasa kan yadda aka yi shi, daga nan ne akasarin labaran bayan fagen suka bazu.