Shin ana ɗaukar ciwon daji daga wani?

A wasu gidaje nan Maraɗi, da zarar lokotoro ya ce mace na da ciwon daji, sai a ware mata kwano da moɗa, a hana yara hawa tabarmarta.

Yana yaɗuwa ne kamar tarin fuka ko ƙyanda?

A'a. Ciwon daji, wato sankara, ƙwayoyin halittar jikin mutum ne ke lalacewa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Ba ya bin numfashi, ba ya bin gaisawa. Ki ci tuwo kwano ɗaya da ita, ki yi mata kitso, babu abin da zai same ki.

To me ya sa ake cewa da ƙwayar cuta a ciki?

Saboda akwai ƙwayoyin cutar da ake ɗauka, waɗanda in sun daɗe a jiki, shekara goma ko ashirin, kan share wa sankara hanya. Ƙwayar cutar HPV, da ake samu ta saduwa, ita ce silar kusan dukkan sankarar bakin mahaifa; nau'inta na 16 da na 18 kaɗai ke jawo kimanin kashi 70 cikin 100.

Wanda ya fi damuna shi ne ciwon hanta nau'in B. Uwa na iya ba jaririnta wajen haihuwa, askar wanzami guda kuma ta bi kawuna biyar ba a tsaftace ta ba. Mutum ya yi shekaru garau, ciwon na cin hanta a ɓoye. In aka haɗa da cin gyaɗa mai fumfuna, wadda ba ta bushe ba aka zuba a buhu, haɗarin sankarar hanta ya ƙaru sosai, mu kuwa ƙasar gyaɗa ce.

Tsargiya ma, fitsarin jinin da yara ke kwasowa wajen wanka a tafki irin na Madarunfa, in ba a sha magani ba tana iya kai wa ga sankarar mafitsara.

Duk mai ɗauke da su zai kamu da sankara?

Mafi yawa ba sa kamuwa. HPV galibi jiki ne ke kore ta da kansa.

Me za a yi?

Rigakafin hanta yana cikin alluran jarirai, kada a tsallake. Na HPV an fi so a yi wa 'yan mata daga shekara 9 zuwa 14. Matan aure su je awon bakin mahaifa. In za ka wanzami, tafi da rezarka.