Wel Da Dolfin Ba Kifaye Ba Ne

Mu Kanawa teku ta yi mana nisa, sai dai mu gan ta a waya. Shi ya sa da yawa ke ɗauka cewa wel da dolfin, da ake gani suna bin jiragen tsere masu tafiya da iska, manyan kifaye ne. Ba abin dariya ba ne, don siffar ta yi kama.

Amma dabbobi ne masu shayarwa. Huhu gare su, da hanci a saman kai, kuma haihuwa suke yi su ba da nono. Shuɗin wel, wanda tsawonsa kan kai mita 30, na ɗaukar ciki kusan shekara guda. Feshin nan da yake yi sama numfashi ne yake fitarwa. Dole ya taso ya shaƙi iska, in ba haka ba ya mutu, abin da ke sa jiragen tsere kan yi karo da shi a tsakiyar teku. Ayun da ke kogin Binuwai ma mai shayarwa ne, da huhu yake numfashi.

Kana iya dubawa da kanka. In ka je sayen tarwaɗa a Sabon Gari, ɗaga murfin kumatunta, za ka ga jan naman da take numfashi da shi cikin ruwa. Wel ba shi da wannan. Sai wutsiya: ta kifi a tsaye take, tana kaɗawa dama da hagu, ta wel kuwa a kwance, sama da ƙasa. Kowane bidiyo zai nuna maka.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman malaman firamare.