Ma'anar "Fasaha": Shin Mai Ɗaukar Hoto Fasihi Ne?

Da wuya a kammala labarai a rediyo yanzu ba a ambaci fasaha ba. Minista ya ce za a bunƙasa kimiyya da fasaha, mai talla ya ce wayarsa tana ɗauke da fasahar zamani, an jima kaɗan mai gabatar da shiri ya ce mawaƙi wane Allah ya hore masa fasaha. An ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu, na injin da na ƙwaƙwalwa, har mun daina jin bambancinsu. Inda abin ya fi damuna shi ne idan aka ce "fasahar ɗaukar hoto". Ta wa ake nufi? Ta wanda ya ƙera kyamara, ko ta wanda ya riƙe ta?

Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma a can ba ta da alaƙa da waya ko kwamfuta. Ma'anarta iya magana: zaɓen kalmar da ta dace, a ajiye ta inda ta dace, ta fita tsaf babu gargada. Shi ya sa muke kiran gwanin waƙa fasihi, ba ma kiran mai gyaran janareta da wannan suna komai ƙwarewarsa. Daga baya ne aka jawo kalmar aka laƙaba wa ƙere-ƙere, yau kuma baƙuwar ma'anar na neman korar 'yar gida.

To da wannan ma'auni na asali ya kamata a auna hoto. Masu cewa hoto ba fasaha ba ne hujjarsu ɗaya ce tun fil azal: na'ura ce ta yi aikin, kai dannawa kawai ka yi. Harshenmu ma yana ɗan taya su, domin mai zane "yi" yake, mai hoto kuwa "ɗauka" yake, kamar wanda ya tsinci abu a hanya. A 1859, shekara ashirin bayan an bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa, mawaƙi Baudelaire ya yi wa hoto kaca-kaca, yana ganin iyakarsa ya zama bawan kimiyya da zane. Kamfanin Kodak ya ƙara wa wutar fetur a 1888 da tallarsa mai cewa kai ka danna, su za su ƙarasa sauran.

Amma akwai wata shari'a da nake so masu wannan ra'ayi su tsaya su duba. A 1882 wani mai hoto a birnin New York, Napoleon Sarony, ya ɗauki marubuci Oscar Wilde. Wani kamfanin ɗab'i mai suna Burrow-Giles ya buga hoton da yawa yana sayarwa ba da izininsa ba. Da aka je kotu, kamfanin ya ce ai hoto ba ƙirƙirar kowa ba ne, haske ne ya faɗa kan farantin cikin kyamara, saboda haka babu maganar haƙƙin mallaka. A 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Sarony gaskiya. Abin lura shi ne dalilan da ta kawo. Ba ta yabi kyamararsa ba ko kaɗan. Cewa ta yi shi ya zaunar da mutumin yadda yake so, shi ya zaɓi tufafin da labulen, shi ya tsara inda haske zai sauka da inda inuwa za ta kwanta, shi ya jawo yanayin fuskar da yake nema. A duba jerin nan da kyau: zaɓe, tsari, ajiye kowane abu a gurbinsa. Wannan ai ita ce fasahar da Larabawa suke nufi, sai dai an musanya kalmomi da haske. Asalin sunan hoto a Girkanci ma haka yake nufi, zane da haske.

Kotun kuma ta yi wani hankali da masu magana a yau ba sa yi: ba ta ce kowane hoto haka yake ba, ta bar batun hoton yau da kullum ba ta yanke hukunci a kai ba. Ni ma nan na tsaya. Kowa yana magana, ba kowa ne fasihi ba. Hoton fasfo da hoton rasit da aka tura wa abokin ciniki aiki suke yi, kuma babu laifi a ciki. Amma wanda ya ga hotunan kitso da mai hoto ɗan Najeriya J.D. 'Okhai Ojeikere ya shafe shekaru yana ɗauka tun daga 1968, yawanci daga ƙeya, bango fayau babu komai, haske na bin kowace tsaga har kan ya koma kamar gini, ya san idon mutum ne ya yi wannan. Manyan gidajen fasaha sun daɗe da sallamawa. MoMA ta New York ta buɗe sashen hoto tun 1940, kuma a 2007 bikin fasaha na Venice ya ba mai hoto Malick Sidibé na Mali babbar lambarsa ta girmamawa.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta sake dagula lissafi. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni a gasar hoto ta Sony, sai ya ƙi karɓar kyautar, ya bayyana cewa da ƙirƙirarriyar basira ya haɗa surar, ba da kyamara ya ɗauka ba, kuma a ganinsa bai kamata a kira ta hoto ba. Duk wanda zai ba da wannan labari da Hausa dole ya ambaci fasaha sau biyu, ta injin da ta mutumin, kuma in bai raba su ba mai sauraro ba zai gane me Eldagsen ya ƙi karɓa ba.