Waiwaye: Hazon Kumasi da ɓawon ƙasar da aka tattake tun shekarun wadata

Da zarar Disamba ta kama, hazo ya rufe Kumasi, sai mahawarar bara ta dawo sabuwa. A majalisun unguwannin Aboabo da Asawase wasu su ɗora wa masu gawayi laifi, wasu su ce galamse ne, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, matasa kuma su ce sauyin yanayi. Kowa da ƙamshin gaskiya a bakinsa, sai dai ana maganar kamar jiya abin ya faro.

Tarihin da aka fi sani gajere ne. Fari ya cinye Sahel daga 1968 zuwa 1974, aka yi taron hamada a Nairobi a 1977, Gana ta sha yunwa da gobarar daji a 1983. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, mu ma a Gana a 2021 muka fara ranar dashe ta ƙasa. Duk hankali yana kan bishiya, ba mai duban ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Kaso mai yawa na ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, gindin tsohon tafki da ya ƙafe, kuma wannan babu hannun manomi a ciki. Amma iskar tana ratsa Nijar da Burkina kafin ta iso mu, kuma abin da za ta ƙara kwasa a hanya ya danganta da fuskar ƙasa. Inda aka bar ƙasa ta huta, wani ɓawo baƙi-baƙi yakan rufe ta, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Mai rai ne. Ƙananan halittu ne dangin gansakuka, masu siraran zare da ke ɗaure ƙwayoyin rairayi da wani abu mai yauƙi. Da rani su kwanta kamar matattu, ruwa na sauka su farfaɗo, wasunsu ma su jawo sinadarin taki daga iska su zuba wa ƙasa. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa irin wannan ɓawo ya rufe kusan kashi 12 cikin 100 na doron ƙasa.

A ganina, inda abin ya karkace ba shekarun fari ba ne, shekarun wadata ne. Daminun 1950 zuwa tsakiyar 1960 sun yi albarka ƙwarai, gyaɗa tana kuɗi, noma ya yi ta kutsawa arewa cikin makiyaya. Har Nijar ta kafa doka a 1961 tana shata iyakar noma ta arewa, gonaki suka tsallake ta. Kafin nan, manomi yakan noma gona 'yan shekaru, ya bar ta saura shekaru masu yawa, a nan ne ɓawon ke sake tofowa. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba a 1960, yau sun haura miliyan 25. Gandu ya rarrabu tsakanin magada, saura ta gajarce, a wurare da dama ta ɓace. Dabbobin da gonaki suka matse suka taru a bakin rijiyoyi da ƙuntatattun burtali, kofato yana murƙushe ɓawon a lokacin da ya bushe ya fi rauni. Ba wanda ya yi kuka a lokacin, rumbu a cike yake. Da fari ya zo, ya tarar da ƙasa tsirara.

Aikin masanin kimiyyar ƙasa Oumarou Malam Issa da abokansa a yammacin Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, ya nuna cewa a saura da dazuzzukan tudu ɓawon yake zaune, kuma yana riƙe ƙasa. Wasu masu bincike a yankin sun auna sun ga gonar gero tana asarar rairayi ga iska, saurar da ke kusa tana tare shi. Ba komai na ɓawon ne alheri ba, wani lokaci yana hana ruwa nutsewa, ya gangara. A dajin tudu wannan ruwan ne ke shayar da layukan bishiyoyin da ke gangaren.

Sauyin yanayi ya zo ya tarar da mai rauni. A Utah ta Amurka an gwada yawaita yayyafi a lokacin zafi, gansakukar ta mutu, domin tana farkawa ta kashe ƙarfinta, ƙasa ta bushe kafin ta mayar. Binciken 2018 ɗin ya yi hasashen ɓawon zai ragu da kashi 25 zuwa 40 kafin 2070.

Siririn ɓawon yakan dawo cikin 'yan shekaru idan aka ɗaga fartanya da kofato, mai kaurin kuwa sai an yi shekaru gommai. Sai dai magidanci a Bawku da ke arewacin Gana, mai gona ɗaya da bakuna goma, ba shi da inda zai shuka gero idan ya bar ta ta huta.