Waiwaye: tambayar gida-gida ko takardun ofishin haraji?

Kafin gwamnati ta ƙara haraji ko ta sauya tsarin tallafi, tana so ta san wa zai amfana, wa zai ji a jikinsa. Dabarar gwada hakan a kwamfuta ta samo asali ne daga masanin tattalin arziki Ba'amurke, Guy Orcutt, wanda a 1957 ya ce a riƙa yin lissafin iyali bayan iyali, a daina dogaro da jimillar ƙasa kaɗai. To amma daga ina za a samo bayanan iyalan?

Da fari, binciken gida-gida aka riƙe. Birtaniya ta soma binciken kashe kuɗin iyali a 1957, ta ƙara da na kuɗin shiga a 1992. Manhajar lissafin haraji da tallafi ta EUROMOD, wadda aka fara ginawa a 1996 don ƙasashen Tarayyar Turai, ita ma kan irin waɗannan bincike ta tsaya.

Sai dai kowa ya san mutum ba ya buɗe wa baƙo aljihunsa. Attajiri sau da yawa ko ƙofa ba ya buɗewa, mai karɓar tallafi kuwa ya manta, ko kunya ta hana shi faɗa. Sai lissafi ya fito da tallafin da bai kai abin da baitulmali ya biya ba, dukiyar manya kuma ta ƙanƙance a takarda. Shi ya sa Birtaniya take gyara alƙaluman masu babban samu da bayanan ofishin haraji. Danmak ta yi nisa fiye da haka: ta ba kowane mazauninta lambar shaida tun 1968, har a 1981 ta yi ƙidayar jama'a daga rajista kawai, ba tare da ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.

Rajistar ma tana da nata makanta, kuma a ganina an fi saurin mantawa da wannan makantar. Ta san mai biyan haraji, ba lallai ta san su wa suke ci daga tukunya ɗaya da shi ba. Wanda ya cancanci tallafi amma bai nema ba, babu shi a cikinta.

Wannan giɓi ya fi faɗi a Afirka. Manhajar GHAMOD ta Gana, da aka gina ƙarƙashin SOUTHMOD, shirin gina irin waɗannan manhajoji ga ƙasashe masu tasowa na UNU-WIDER, cibiyar binciken tattalin arziki ta Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, da binciken yanayin rayuwar iyali take aiki, domin mai tallar tumatir a kasuwar Kumasi ba ta da takardar albashin da ofishin haraji zai gani.