Sabuwar Dokar Kula da Tsofaffi a Ostireliya: Ina Kukan Tsoho Yake Zuwa?

Ranar 1 ga Nuwamba 2025 sabuwar dokar kula da tsofaffi ta fara aiki a Ostireliya, ta maye gurbin ta 1997. Tsohuwar ta fi ba da ƙarfi kan yadda gwamnati za ta biya gidajen kula da tsofaffi kuɗi. Ita kuwa sabuwar, haƙƙin tsohon da ke kwance a ɗakin ta sa a gaba: a mutunta shi, ya zaɓi abin da yake so, a kuma saurari kukansa ba tare da an huce a kansa ba.

Ba haka kawai aka wayi gari da ita ba. A 2018 gwamnati ta kafa babban kwamitin bincike bayan abin kunya ya yi ta fitowa daga gidajen, jama'a suka aika masa koke sama da 10,000. Daga cikin abin da ya ɗaga hankali har da wani bincike da ya nuna kuɗin abincin tsoho ɗaya a rana bai wuce kimanin dalar Ostireliya 6 ba. A 2021 kwamitin ya miƙa shawarwari 148, ta farko kuwa ita ce a sake doka ɗungurungum.

To, ta ina maganar tsoho take isa kunnen masu iko? Kowane gida wajibi ne, aƙalla sau ɗaya a shekara, ya gayyaci mazaunansa da wakilansu su kafa kwamitin shawara. Idan kwamitin ya ce abinci yana zuwa a sanyaye, ko ana daɗewa ba a amsa ƙararrawar dare ba, shugabannin gidan ba su da damar cewa “mun ji” su wuce. Sai sun duba, sun mayar da amsa a rubuce. A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake, don takarda ba ta mantuwa.

Akwai kuma taurari, ɗaya zuwa biyar, da gwamnati ke ba kowane gida tun Disamba 2022. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makin daga bakin mazauna yake fitowa: masu tambaya daga waje suna zama da su, su ce, “Kana son abincin nan? Ma'aikata suna girmama ka?” Wanda abin ya fi ƙarfinsa sai ya kai ƙara wurin kwamishinan ƙorafi, ma'aikacin da ya tona asiri kuma doka ta ba shi kariya.

Sai dai a yi hattara. Jerin haƙƙoƙin nan ba abin da tsoho zai ɗauka kai tsaye ya maka gida a kotu da shi ba ne. Hukumar da ke sa ido ce za ta bi masa kadi. Ga kuma batun aljihu. Gwamnati ce ke biyan kuɗin jinya gaba ɗaya, amma wanda ke zaune a gidansa yana samun tallafi zai sa nasa kason a ayyuka irin su shara da gyaran lambu, gwargwadon abin hannunsa.

Ko ranar fara aikin dokar ma surutun jama'a ne ya motsa ta. An tsayar da 1 ga Yuli 2025, masu gidajen da ƙungiyoyin tsofaffi suka ce ba a shirya ba, gwamnati ta ƙara wata huɗu.