Shari'ar mayu a Sikotilan, 1563–1736

A shekarar 1563 majalisar Sikotilan ta kafa dokar da ta sa maita, da ma zuwa wurin maye neman taimako, suka zama laifin kisa. Kafin a soke dokar a 1736, an tuhumi mutum fiye da 3,800, kuma wajen kashi 84 cikin ɗari mata ne. Tuhumar takan zo kamar annoba, ta lafa, ta sake tashi. Mafi tsananinta ita ce ta 1661 zuwa 1662.

Galibi daga rigimar maƙwabta abin yake somawa. An yi cacar baki da wata tsohuwa, ta yi wa mutum baki, bayan kwana biyu saniyarsa ta daina ba da nono ko ɗansa ya kwanta ciwo. Sai a kai ƙara gaban fasto da dattawan cocin ƙauye. Su ba su da ikon yanke hukuncin kisa, amma su suke tara shaidu, sannan a nemi izinin majalisar sarki a Edinbura a yi shari'ar a garin.

Abin da alƙalai suke nema ba asarar saniya ba ce, so suke wadda ake zargi ta amsa cewa ta ƙulla alkawari da Shaiɗan. Hanyar da aka fi bi ita ce hana barci: masu gadi suna karɓa-karɓa dare da rana, har hankalinta ya gushe ta faɗi abin da ake so, ta kuma ambaci sunayen wasu. Nan ne shari'a ɗaya take haifar da goma. Akwai kuma masu tsira allura da ake biya, irin su John Kincaid na Tranent, suna laluben jikin wadda ake zargi don gano tabon da ba ya jin zafi ko ba ya fitar da jini, wai shi ne hatimin Shaiɗan.

A shari'ar North Berwick ta 1590, Sarki James na Shida da kansa ya yi wa wata ungozoma mai suna Agnes Sampson tambayoyi, bisa zargin tayar da guguwa a kan jirginsa. Wanda aka samu da laifi akan shaƙe shi a jikin turke, sannan a ƙone gawar. Kisa na ƙarshe da aka saba ambata shi ne na Janet Horne a Dornoch, a 1727.